Idan ƙwaya ta kada mutum: yadda ake tsare numfashinsa kafin a isa likita

 A wannan karo filin lafiya zai yi bayani bisa wani abu da ke faruwa cikin birane da ƙauyukanmu, amma mutane ba su cika son faɗinsa a fili ba. Shi ne yadda ake tarar da saurayi ko magidanci kwance a gona, ko a fada, ko cikin ɗakinsa, ya sha ƙwaya ta fi ƙarfinsa, ana tada shi ba ya tashi. Waɗanda ke kusa da shi sukan ruɗe. Wani ya ruga neman nono, wani ya kwara mashi ruwa, wani ya ce a bar shi ya yi barci ƙwayar ta sake shi. Sau da yawa a cikin wannan ruɗewa ne rai ke fita.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: irin waɗannan ƙwayoyi ta hanyar tsai da numfashi suke kisa. Duk wanda ya san yadda ake duba numfashi, da yadda ake buɗe mashi hanya, da yadda ake taimakonsa, yana iya riƙe ran ɗan uwansa har a isa gidan likita, ko da babu komi a hannunsa.

Waɗanne magunguna ake nufi?

Akwai wani dangin magunguna masu kashe zafin ciwo da ake kira dangin ofiyom. Asalinsu ƙaron wani tsiro ne da ake nomawa a ƙasashen Asiya. Daga wannan ƙaro ake fitar da morfin da kodin, daga morfin kuma ake yin eroyin. Daga baya masana sun haɗa waɗansu a masana'anta masu aiki irin nasu. Wanda muka fi sani a nan shi ne tramadol, wanda kowa ke ce ma tramol. Wani kamfanin ƙasar Jamus ya fara sayar da shi a shekarar 1977, don masu ciwo mai tsanani, kamar wanda aka yi ma aiki ko wanda ya karye.

A hannun likita tramadol magani ne mai amfani. Ƙwaya guda ta likita takan zama miligiram 50 ko 100, kuma ba a yarda babban mutum ya wuce miligiram 400 a wuni da kwana ba. Amma waɗanda ake sayarwa bisa tire da cikin kasuwanni akan ga an rubuta masu 120, ko 200, ko 225, ko 250. Wato ƙwaya biyu na mai 225 sun riga sun haura iyakar wuni guda cur. Yawancinsu daga Indiya ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya. A watan Satumba na shekarar 2017, jami'an tsaro a Nijar sun kama ƙwayoyin tramadol fiye da miliyan 3 cikin mota guda. A shekarar 2018 Indiya ta tsananta dokar fitar da tramadol, Nijeriya kuma ta hana maganin tari mai kodin. Bayan haka sai masu fataucin suka koma ga waɗansu ƙwayoyi masu kama da tramol, waɗanda aka haɗa wani ɗan dangin ofiyom mai suna tafentadol da wani maganin sake jiki mai sa barci. Indiya ta hana yin wannan haɗi a watan Fabrairu na 2025. Ke nan, mai sayen ƙwaya a kasuwa bai san ainihin abin da yake haɗiyewa ba, bai kuma san ƙarfinsa ba.

Masu shan su ba baƙi ba ne. Akwai ɗan ƙwadago da ke son ya gama noman gona biyu a wuni, da ɗan kabu-kabu, da mai turin kura, da mai haƙar zinariya, da mai yin bulo, har da mata masu aikin wahala. Da yawansu don neman ƙarfin aiki suka fara. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane wajen 125.000 suka mutu a duniya saboda magungunan dangin ofiyom sun fi ƙarfinsu.

Yadda ƙwaya ke tsai da numfashi

Ba mutum ke tuna ma kansa ya yi numfashi ba. Akwai wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, da ke ba huhu umurni dare da rana, ko ana barci. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Idan dangin ofiyom suka yi yawa cikin jini, sai su danne wannan wuri. Numfashi ya riƙa raguwa, yana yin sama-sama, yana tsayawa yana dawowa, har ya tsaya ɗungum.

Abu na biyu, naman jiki yakan saki. Idan mutum yana kwance rigingine, harshensa sai ya faɗa baya ya toshe maƙogwaro. Wannan ne ke kawo minsharin nan mai nauyi da mutane ke ɗauka barci mai daɗi ne, alhali kuwa alama ce ta iska tana faman neman hanya. Abu na uku shi ne amai. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya iya tari, saboda haka aman yakan gangara cikin huhu ya shaƙe shi.

Idan iska ta daina isa ƙwaƙwalwa, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwar ta fara lalacewa, bayan haka zuciya ta tsaya. Amma kafin a kai nan akan ɗauki lokaci, wani sa'i awa guda ko fiye, mutum yana nutsewa a hankali. Wannan lokacin ne damar da Allah ya ba waɗanda ke kusa da shi.

Wa ya fi shiga haɗari?

Na farko shi ne mai haɗa ƙwaya da giya, ko da maganin barci irin su diyazefam, ko da maganin tari mai kodin. Kowanensu yana danne numfashi, in suka haɗu sai nauyin ya ninka.

Na biyu shi ne wanda ya daina sha na ɗan lokaci sannan ya koma. Jiki yakan saba da ƙwaya, har mai sha ya kai ga shan huɗu ko biyar. Idan ya yi makonni bai sha ba, saboda rashin lafiya, ko zaman gidan kaso, ko don ya bari cikin watan azumi, wannan sabo yakan tafi. Ranar da ya koma ya sha adadin da ya saba a da, adadin nan yana iya kashe shi.

Na uku su ne tsofaffi, da masu ciwon huhu ko asma, da masu ciwon hanta ko ƙoda. Na huɗu kuwa yara ƙanana ne, waɗanda kan tsinci ƙwaya cikin aljihun riga ko ƙarƙashin katifa su ɗauka alewa ce. Ƙwaya guda ta babba tana iya halaka yaro.

Alamomin da za a duba

OMS ta ambaci alamomi uku da in suka haɗu ake zaton dangin ofiyom ne.

Ta ɗaya: mutum ba ya farkawa. Ana kiransa ana girgiza shi, ba ya amsawa, ko ya ɗan buɗe ido ya sake komawa.

Ta biyu: numfashi ya yi ƙasa. Bai kai sau 12 a minti ba, ko yana dogon tsayawa, ko ana jin minshari mai nauyi ko kakari.

Ta uku: baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido ya ƙanƙance ƙwarai, ya koma kamar bakin allura. A ɗaga fatar ido a duba. Amma a sani, tramol ba kullum yake ƙanƙantar da ido ba. In alamomi biyu na farko sun bayyana, kada a tsaya jiran ta uku.

Ban da waɗannan, jiki yakan yi sanyi da danshi, gaɓoɓi su saki. A duba cikin leɓe da dasashi da harshe da farce: in jansu ya gushe sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, iska ta yi ƙaranci cikin jini. A kuma duba aljihu da gefen shimfiɗa ko akwai takardar ƙwaya ko kwalba.

Manoma su lura da wani abu. Maganin feshin ƙwari shi ma yana ƙanƙantar da ido ya kuma hana numfashi. Bambancinsa shi ne yakan zo da dalalar miyau mai yawa, da zufa, da hawaye, da zawo, da warin maganin a jiki ko tufafi. In haka ne, a tuɓe mashi tufafin, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu, mai taimako ya tsare hannunsa, kada kuma ya ɗora bakinsa bisa bakin majinyacin, don gubar tana iya kama shi. A gaggauta kai shi likita tare da kwalbar maganin.

Abin da za a yi, ɗaya bayan ɗaya

1. A tada shi. A kira sunansa da ƙarfi, a girgiza kafaɗarsa. In bai amsa ba, a dunƙule hannu a goga gaɓoɓin yatsu da ƙarfi bisa ƙashin tsakiyar ƙirjinsa. Wannan yana da zafi, mai barcin gajiya zai farka nan take. In ya farka, a zaunar da shi, a riƙa yi mashi magana, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi likita duk da haka.

2. A nemi taimako nan da nan. Kada a ce “wani ya je”, don kowa zai zaci wani ya tafi. A nuna mutum guda a kira sunansa: “Kai, kira majo. Kai kuma, nemo mota.” A manyan garuruwa ana kiran ƴan kwana-kwana ta lamba 18. A ƙauye ya kamata kowane mai gari, da limami, da shugaban fada su kasance da lambar tarhon majon CSI mafi kusa. Sauran jama'a su ja baya su ba shi iska.

3. A buɗe hanyar iska. A kwantar da shi rigingine bisa ƙasa mai tauri, ba tare da matashi ba. A buɗe bakinsa a duba. In ana ganin goro, ko cingam, ko amai, a juya kansa gefe a share da yatsa da aka naɗe da tsumma. Sannan a ɗora hannu guda bisa goshinsa a tura kan baya a hankali, a sa yatsu biyu ƙarƙashin haɓa a ɗaga ta sama, kamar mai kallon tsuntsu a sama. Wannan yana janye harshe daga maƙogwaro. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa minshari ya tsaya, numfashi ya gyaru.

4. A duba numfashi. A kai kunne kusa da hancinsa da bakinsa, ido yana kallon ƙirji, a ƙirga daga 1 zuwa 10 a natse. Cikin wannan ɗan lokaci mai lafiya yana numfashi sau 2 ko 3. Abin da aka gani a nan shi zai nuna abin da za a yi gaba.

5. Idan yana numfashi daidai amma bai farka ba, a kwantar da shi bisa gefe. Mai taimako ya durƙusa kusa da shi, ya miƙar da hannun da ke wajensa, ya ɗauko ɗaya hannun ya sa bayansa ƙarƙashin kumatun majinyacin, ya lanƙwasa gwiwar da ke nesa ya jawo ta, sai jikin ya mirgino. Gwiwar nan ita ke tokare shi kada ya kife. A ɗan ɗaga haɓa, baki yana kallon ƙasa, don in amai ya zo ya zuba waje. A zauna kusa da shi ana kallon ƙirjinsa har taimako ya iso.

6. Idan numfashin ya yi rauni ƙwarai, yana zuwa ɗaya-ɗaya da dogon tsayawa, leɓe kuma ya canza launi, sai a busa mashi iska. Yana rigingine, kai a baya, haɓa a sama. A matse hancinsa da yatsu biyu, a rufe bakinsa da baki, a busa na daƙiƙa guda, daidai yadda za a ga ƙirjinsa ya ɗago. A ɗaga baki a bar iskar ta fita. A fara da busawa 2, sannan a riƙa busawa sau guda duk daƙiƙa 5 ko 6, wato a ƙirga 1 zuwa 5 a busa. In ƙirji bai ɗago ba, a sake gyara kai da haɓa. Kada a busa da ƙarfi fiye da kima, don iskar za ta shiga ciki ta taso da amai. Wani zai ce, iskar da na fitar wane amfani gare ta? A cikin iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijan ne, wato sinadarin da jini ke bukata. Wadda muke fitarwa kuwa tana da sauran wajen kashi 16, kuma wannan ya isa ya riƙe rai. Mai ƙyanƙyami yana iya shimfiɗa siririn ƙyalle mai tsabta bisa bakin ya busa ta cikinsa.

7. Idan babu numfashi ko kaɗan, ko sai wata shaƙuwa jefi-jefi kamar kifin da aka fitar daga ruwa, kuma ba ya motsi, to a ɗauka zuciya ta tsaya. A ɗora gindin tafin hannu bisa tsakiyar ƙirji, a ɗora ɗaya hannun a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki. Ƙirjin ya nutsa santimita 5 zuwa 6, kimanin faɗin yatsu uku, a sake shi ya dawo. A yi da sauri, kusan dannawa 2 a daƙiƙa guda, wato 100 zuwa 120 a minti. Bayan dannawa 30 a busa iska sau 2, a koma dannawa. Aikin yana gajiyarwa, saboda haka mutum biyu su riƙa karɓar juna duk minti 2. Ba a tsayawa sai ya fara numfashi ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Wanda ba zai iya busawa ba ya ci gaba da dannawar, ta fi zama a zuba ido.

Ga yaro ƙarami, ana dannawa da hannu guda, ana kuma busa iska kaɗan. Ga jariri, ana dannawa da manyan yatsun hannu biyu, mai busawa ya rufe hanci da baki tare, ya ba da iskar da ke cikin kumatunsa kawai. Duk yaron da ake zaton ya haɗiyi ƙwaya a kai shi likita nan take, ko da yana wasansa, don alamomin sukan jinkirta.

Idan jijjiga ta zo

Tramol yana da wani hali da ya bambanta shi da sauran danginsa: yana kada mutum ya riƙa jijjiga kamar mai farfaɗiya. Jiki ya sandare, haƙora su datse, kumfa ta fito. A nan mutane sukan watse, don an daɗe ana cewa miyan mai farfaɗiya yana sa ma wanda ya taɓa shi ciwon. Wannan magana ba ta da tushe. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, jijjigar ƙwaya ma haka.

A janye wuta, da tukunyar shayi, da fartanya, da duk abin da zai ji mashi ciwo. A sa riga ko zane ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi. Kada a cusa cokali ko icce ko yatsa cikin bakinsa: ba zai haɗiye harshensa ba, amma cokalin yana iya karya haƙori, guntun ya faɗa maƙogwaro. Yawancin jijjiga takan lafa cikin minti 2 ko 3. Da ta lafa, a buɗe hanyar iska, a duba numfashi, a kwantar da shi bisa gefe. In ta wuce minti 5, ko ta tafi ta dawo, haɗarin ya ƙaru, a ƙara gaggawa.

Abubuwan da ba a yi

Ba a ɗura ma wanda hankalinsa ya gushe komi a baki. Ba nono, ba madara, ba man gyaɗa, ba ruwan tsamiya ko lemun tsami, ba kofi, ba ruwan gishiri, ba jiƙo. Babu ɗaya daga cikinsu da ke karya ƙarfin ƙwaya, don ƙwayar ta riga ta shiga jini. Wanda ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura mashi huhu yake tafiya. Ko rubutu ne, a ajiye shi sai ya farfaɗo sosai. Addu'a kuwa ana yin ta hannu yana aiki.

Ba a sa shi amai da gangan. Ba a kwara mashi ruwan sanyi ko a tsoma shi cikin tafki. Ba a marinsa ko dukansa. Ba a turara mashi hayaƙi, don mai neman iska hayaƙi ƙara shaƙe shi yake. Ba a tsai da shi a ce sai ya yi tafiya, yana iya faɗuwa ya fasa kai. Ba a kiran mai tallar magani ya yi mashi allura.

Mafi muni duka shi ne a ja ƙofa a ce bari ya yi barci, gobe zai warware. Da yawan waɗanda aka tarar da gawarsu da safe, an ji minsharinsu da dare.

Tafiya zuwa likita

A ɗauke shi yana kwance bisa gefe, cikin mota, ko a-daidaita, ko amalanke da aka shimfiɗa ma tabarma. Mutum guda ya zauna wajen kansa yana riƙe da haɓa yana kallon numfashi. In numfashin ya tsaya a hanya, a tsai da abin hawa a koma ga mataki na 6 ko na 7. Babur ba shi da kyau ga wanda ya suma, don in an zaunar da shi tsakanin mutum biyu kansa yakan rusuna bisa ƙirji, hanyar iska ta toshe. In babur kaɗai ke akwai, gara a aike shi ya ɗauko ma'aikacin lafiya, masu taimako su ci gaba da aikinsu.

A tafi da takardar ƙwayar ko kwalbar da aka samu. In an isa, a faɗi gaskiya: me ya sha, guda nawa, da wane lokaci, ko ya haɗa da giya, ko ya yi jijjiga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyalin da suka ce “faɗuwa kawai ya yi” don gudun abin kunya suna sa ma'aikaci ya ɓata lokaci yana neman zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, alhali maganin abin yana iya kasancewa cikin kabad. Aikin ma'aikacin lafiya ceton rai ne, kuma yana da wajibin riƙe sirrin majinyaci.

Maganin da ke karya ƙarfin ƙwaya

Akwai wani magani mai suna naloksan. Aikinsa shi ne ture dangin ofiyom daga wurin da suka kama cikin ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo. Ana yin allurarsa a cinya ko damtse ko jijiya, akwai kuma wanda ake fesawa a hanci. Yakan fara aiki cikin minti 2 zuwa 3; in mutum bai farfaɗo ba sai a ƙara. Yana cikin jerin magungunan da OMS ta ce bai kamata a rasa su ba, kuma tun shekarar 2014 ta ba da shawarar a sa shi hannun mutanen da ke zaune kusa da masu sha, a koya masu aiki da shi. A Amurka, tun 2023 ana sayar da na feshin hanci ba tare da takardar likita ba. Yana da kyau kwamitin kula da gidan likita na kowane gari ya tambayi majo ko akwai naloksan a ajiye, in babu a nema.

Sai dai a san iyakarsa. Ba ya aiki bisa giya ko maganin barci. Ga tramol, yana taimakon numfashi amma ba ya hana jijjiga, wannan wani magani dabam likita ke ba ta. Ƙarfinsa kuma yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, alhali ƙwayar tana awoyi da yawa cikin jiki. Saboda haka mutum yana iya farkawa ya yi magana, bayan awa guda ya sake nutsewa. Don haka ne ma'aikata ke riƙe majinyaci su sa mashi ido, ko da yana cewa ya warke. Wanda ya daɗe yana sha yakan farka da zufa, da amai, da ciwon jiki, da faɗa. A lallashe shi, a gaya mashi abin da ya faru, kada a bari ya sake shan wata ƙwaya don ya ji sauƙi.

Bayan ya farfaɗo

Wanda ƙwaya ta taɓa kadawa sau guda, haɗarin ta sake kada shi yana da yawa. Kwanakin da suka biyo baya su ne lokacin da ya fi jin magana, don ya ga bakin kabari. Zagi da duka da ɗaurin mari ba su raba mutum da ƙwaya, sai dai su koya mashi sha a ɓoye, inda babu mai ganinsa in ya faɗi. Jikin da ya saba, in an yanke mashi a rana guda, yakan shiga wahala mai tsanani da ke mai da mutum ga sha. A raka shi wurin likita a tsara mashi yadda zai rage a hankali. A manyan asibitocin Yamai da Damagaram akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, majo kuma yana iya rubuta takardar turawa zuwa inda ya dace.

Magidanta su kawar da duk wata ƙwaya daga inda hannun yara ke kaiwa. Masu gonaki da ke ɗaukar ƴan ƙwadago kada su saya masu ƙwaya ko su zuba ta cikin shayi don aiki ya yi sauri. Ƙarfin da ƙwaya ke bayarwa rance ne, jiki ke biyansa.

A taƙaice: a tada shi, a kira taimako, a ɗaga haɓa, a duba numfashi. Mai numfashi a kwantar da shi bisa gefe. Mai raunin numfashi a busa mashi. Wanda numfashinsa ya tsaya a danna ƙirji 30, a busa 2. Kada a ba shi komi a baki, kada a bar shi shi kaɗai.

Muna roƙon malaman karatun manya su karanta wannan bayani a aji, su sa ɗalibai biyu-biyu su gwada ɗaga haɓa da kwantarwa bisa gefe har hannu ya saba. Dannar ƙirji kuwa ba a gwada ta bisa mai lafiya, sai bisa buhun da aka cika da ƙaiƙayi ko yashi. Wanda ya karanta ya faɗa ma wanda bai karanta ba, a fada, a majalisa, a taron mata, a bakin rijiya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana zuri'a.